Motar da Ba Ta da Ƙugiya

Sista Miemie Adonis ce ta kawo maganar, kuma ta san lokacin da za ta sake ta: bayan sujadar Lahadi, a zauren coci, sa'ad da kowace mace ke riƙe da kofin shayi mai zafi, ba halin gudu.

"Malama, ashe ɗanki Elroy karaban yake nema, ɗakin nan da mota ke ja?" Ta rage murya, irin ragewar da ke sa na nesa su miƙo kunne. "Mijin Doreen ya gan shi yana bin gareji-gareji yana cigiyar mai araha. Wai matarsa Rozanne ce ta watso masa kayansa waje. To, namiji ai dole ya nemi inda zai sa haƙarƙarinsa. Ni dai ban ce komai ba. Amma ruwa ba ya tsami banza."

Malama Lena Cupido ta shekara talatin da ɗoriya tana koyar da kimiyya a garin Worcester, kuma rabin matan da ke zauren nan sun sha kaifin harshenta tun suna 'yan mata masu farar safa. A duk karin maganar duniya babu wadda ta tsana kamar ta tsamin ruwan nan. Ta ga mutanen kirki da yawa da aka binne da ransu da ita. Ta ajiye kofinta a kan faranti a hankali, don kada ya yi ƙara.

"Miemie, sau biyu kika faɗi jarrabawata, saboda haka ba zan ga laifinki ba. Ruwa yakan yi tsami in an zuba shi a ƙazamin tulu. Tulun ake fara dubawa."

Zaure ya ɗauki dariya. Da ta tsaya a nan, da ta koma gida da mutuncinta cif. Amma dariyar ta yi mata daɗi, kuma daɗin dariya ya fi giya saurin hawa kai.

"Zancen karaban kuwa gaskiya ne," ta ƙara. "Na hutun Ista ne. Bana a inuwar rumfarsa zan ci kifina mai tsami, ina kallonku kuna kokawa da turakun tanti."

Ba ta taɓa jin zancen wani karaban ba sai a bakin Miemie.

A hanyar gida ta kusa yarda da abin da ta faɗa. Me zai hana? Tun Elroy yana rarrafe suke zuwa sansanin bakin teku duk Ista, su da rabin unguwa, da tsohon tantin mijinta marigayi Klaas mai warin kananzir. A zamanin wariyar launin fata, da aka raba har teku, aka ba su gefen duwatsu, karaban na fararen fata ne, mutanen gefen yashi. Yakan wuce su a kan hanya, ɗaki sukutum a kan taya, da taga da labule da murhu, mota tana jan shi. Klaas yakan raka shi da ido ya ce, "Wata rana, Lena." Har ya mutu yana facin tanti. In ɗansa ya tashi cika masa buri, ina abin mamaki?

Sai dai ba a gaya mata ba. Nan ƙayar take. Ɗanta ne tilo, amma ga Miemie Adonis ta san wani abu a kansa wanda ita ba ta sani ba. In kuwa da gaske auren ya fashe, to ta yi ƙarya a gidan Ubangiji a gaban shaidu. Karin magana ɗaya ce Malama ta taɓa amincewa da ita, ita ce gani ya kori ji. Tana shiga gida ta ɗauki waya ta kira Elroy.

"Mami, wa ya gaya miki?"

"Tsuntsaye. Yaushe za ka je gani?"

"Asabar. A Montagu ne, wani tsoho ke sayarwa. Amma Mami, ga zafi, ga ƙafarki…"

"Ƙafata ce za ta tuƙa motar? Ka biyo ka ɗauke ni. Kai da ko kankana ba ka iya zaɓe ba, kai ne za ka zaɓi karaban?"

Sauran kwanakin ta yi shiri kamar mai shirin darasi. Ta karanta duk abin da ta samu a kan sayen tsohon karaban har idonta ya yi ruwa. Danshi ne babban abokin gaba. Ka shiga ka shaƙa, ka danna babban yatsa a kowane lungu, in katako ya lotsa to ruwa ya riga ka shiga. Sannan ka leƙa ƙasa, ka duba tayoyi da birki, ka nemi takardu. Ta haddace tsaf.

Ranar Asabar da safe 'yar motar Elroy ta tsaya a ƙofar gida, kuma wadda ta fito daga gidan gaba don ta ba ta wuri Rozanne ce.

Malama ba ta yarda da gwaji ɗaya ba. Ta san ma'aurata da ke iya shiga mota ɗaya alhali ba sa ko ga-maciji. Don haka ta zauna ta zuba ido. Kafin su fita gari Rozanne ta miƙo hannu daga baya ta gyara wa mijinta wuyan riga, ba ta ma san ta yi ba. Da ya kusa buga keken wani, ta ce, "Makaho, za ka kashe mana Mami," ya ce, "Mami ai ita za ta binne mu duka," suka yi dariya tare. Matar da ta watsar da kayan miji ba ta gyara masa wuyan riga. Magana ta mutu. Malama ta jingina da kujera ta fara jera kalmomin da za ta shayar da Miemie gobe, ɗaya bayan ɗaya, kamar magani.

Lokacin tsinkar inabi ne. Taraktoci sun cika hanya da kaya, iska tana ƙamshin tsami-tsami. Ta lura Elroy ya rame, wuyansa ya yi tsawo, ta ce a ranta aiki ne. Shi ke kula da masu shirya 'ya'yan itace a kwali a wata ma'aikata, kuma a irin wannan wata ko cin abinci a tsaye suke yi.

"Yaya aikin?"

"Da godiya, Mami."

"'Yan matana fa?"

"Suna wajen mamata," in ji Rozanne.

Da suka zo wucewa ta gefen Ashton, gidaje suka matso bakin hanya, ana ganin bayansu. Kowane gida da ɗakunan katako da kwano manne da juna, wayar wuta ta ratsa ta kan igiyar shanya. Hankalin Malama a kwance yake, kuma in hankalinta ya kwanta bakinta ne ke tashi.

"Ku duba nan. Wai taimako ke nan. Mutum ya haifi 'ya'ya, ya sa su makaranta, su girma su kasa tsayawa da ƙafarsu, su dawo su kafa masa kwano a kan ciyawa. Kowa yana cewa iyali ai iyali ne. Ƙarya ne. Lalaci ne aka sa masa rigar zumunci. Ni bayan gidana ɓaure na shuka, ba mutane ba."

Ba yau ta fara faɗin haka ba. Ta faɗa a taron unguwa, ta faɗa a kan teburinta ranar Kirsimeti. Sai da ta rufe baki ta tuna cewa Anti Griet, mahaifiyar Rozanne, tana da irin ɗakunan nan biyu a bayan gidanta.

"Ban da mahaifiyarki, Rozanne. Ita ai haya take bayarwa."

"Ba komai, Mami."

Elroy ya ƙara muryar rediyo.

Mai karaban ɗin wani ƙaton tsoho ne, Faan Terblanche, da gajeren wando da doguwar safa da sanda. Elroy da Rozanne suka ce masa Oom, yadda ake ce wa kowane dattijo. Malama ba ta taɓa kiran farar fata Oom ba, ba kuma yau za ta fara ba. Ta miƙa masa hannu ta ce, "Mista Terblanche." Da ya ji aikin da ta yi, ya cire hula ya ce, "Malama, ki yi mini sassauci, ni a aji bakwai na gudu."

Karaban ɗin yana gefen gida a ƙarƙashin rumfar raga. Ya tsufa, amma tsufan wanda aka riƙe da kyau: launin madara, da ratsin ƙasa-ƙasa a kwiɓi, tagar baya cike da sitikun wuraren da ya je, wasu rana ta cinye rubutunsu. Malama ta ja ta tsaya. Irinsa ne sak, irin waɗanda Klaas ke raka wa da ido.

"Ni da matata Hettie mun ja shi har Namibiya," in ji tsohon, yana shafa jikinsa. "Ita ta riga ni tafiya, ni kuma ƙugu ya ƙi. Yara sun ce jirgi ya fi musu." Ya jawo wani buhu da sandarsa ya shimfiɗa a ƙasa. "Kwanta ka leƙa, ɗana. Karaban kamar doki ne, daga ƙafa ake sayensa. Ka ga boris ɗin nan da taya ke juyawa a kai, da hannuna nake sa masa giris duk shekara. Taɓa birkin ka ji."

Elroy ya ɗan rusuna, ya leƙa kamar mai neman kaza a ƙarƙashin gado, ya miƙe. "Lafiya lau, Oom." Ya bi matarsa ciki.

Kunya ta kama Malama. Mutum ya shimfiɗa maka buhu, ko gwiwa ba za ka sa ba? Ita ce ta dafa taya ta sunkuya, ƙafar tana ƙara, ta duba ƙarfen ƙasa, ta yi wa tsohon tambayoyi uku don ya san ba duka gidan ne sakarkaru ba.

A ciki ta tarar da Rozanne tana buɗe kabad ɗaya bayan ɗaya, tana zura hannu har kafaɗa. Ta kwanta a kan gadon, ta tashi, ta sa Elroy ya kwanta ta ga inda ƙafarsa ta tsaya. Ta naɗe teburin ta mayar da shi gado, ta sake mayar da shi tebur, ta zauna ta ɗora gwiwar hannu a kai kamar mai rubutu. Tsohon ya leƙo ta ƙofa.

"Oom, ƙofar nan tana kulluwa ta ciki?"

"Tana yi, 'yata. Mu dai ba mu taɓa kullewa ba. A sansani wa zai sace ka?"

"In aka yi mako ana ruwa fa? Rufin yana riƙewa? Kamar a watan Yuli."

Malama ta yi dariya. "Wa ke zuwa teku a cikin sanyin Yuli, Rozanne? Ista dai, sai Disamba. Mista Terblanche, ka yi haƙuri da su, na farkonsu ne. Mu mutanen tanti ne. Bana ne za mu shiga sahun manya."

"Kuma wutar lantarki," Rozanne ta ci gaba kamar ba ta ji ba, "in aka jawo waya mai tsawo, za ta ɗauki hita?"

"Za ta ɗauka, in ba ku haɗa da butar shayi ba."

"Nan za a iya rataye riguna ba su yamutse ba?"

"A bakin teku wa ke duba yamutsewar riga?" in ji Malama. "Matsa in yi abin da ya kawo ni."

Ta shaƙi iska. Warin tsohon labule, da ɗan gas, da wani abu a ƙarƙashinsu kamar rigar da aka manta a bokiti. Ta bi lunguna da babban yatsa, sama da ƙasa, bayan kujera, gefen ƙofa. A ƙarƙashin tagar gaba yatsan ya nutse kamar a cikin burodi.

"Mista Terblanche, zo ka taɓa."

Ya taɓa, fuskarsa ta yi ja. Ya rantse bai sani ba, kuma ta yarda da shi, amma yarda daban, ciniki daban. Dubu arba'in ya sa wa karaban ɗin. Malama ta tsaya a tsakiyar ɗakin ta yi masa bayanin yadda ruwa ke bin katako, da inda zai kai nan da damina biyu, da abin da kafinta zai caje su. Ta ji kanta kamar a gaban allo. Tsohon ya sauko, ya sake saukowa, sannan ya ɗaga hannu.

"Malama, tsaya in faɗi nawa laifin kafin ki tono shi. Tayoyin nan sun tsufa, ba zan bar jikokin kowa su hau hanyar dutse a kansu ba. Lasin ɗinsa kuma ya mutu tun rasuwar Hettie. Sai an kai shi gwaji an sabunta takardu. In ni zan yi duka, ba zan sauka daga talatin da takwas ba. In kuwa a yadda yake za ku ɗauka, ku kawo talatin da biyu."

"A yadda yake, Oom," in ji Elroy. Ko numfashi bai ja ba.

Malama ta juyo. "A yadda yake? Ba taya, ba takarda?"

"Mami, daga baya za a yi."

"Daga baya yaushe? Ista saura wata guda. Araha ba ta ado, Elroy. Ka ɗauki 'ya'yan mutane ka hau dutse da ruɓaɓɓen taya, 'yan sanda su tare ka a gaban kowa? Haka na koya maka lissafi? Ubanka da tanti ya rayu, amma bai taɓa fita da abin da ba shi da takarda ba. In ba ka da kuɗin abu, ka haƙura da shi. Ba dole ba ne sai ka yi abin da manya ke yi."

Mutum mai shekara arba'in da 'ya'ya biyu ya tsaya a cikin ɗan ɗakin nan, kansa a sunkuye saboda rufin ya yi masa ƙasa. Rozanne ta zuba wa labule ido. Tsohon ya shiga gyaran wani ƙusa da ba abin da ya same shi.

"Ba ni makullin mota," in ji Malama. "Zan sha ruwa."

Ta fita tana huci. An ajiye motar Elroy kusa da akori-kurar tsohon, duka biyun sun juya baya ga gida. Da ta zagayo don ta buɗe but, ƙafarta ta kauce da kanta. Duk wanda ya yi zaman sansani ya san wannan kaucewar, don babu ƙaurin da ƙugiyar jan karaban ba ta taɓa fasawa ba. Ga ta nan kuwa a bayan akori-kurar, ƙarfe mai dunƙulallen kai, an kifa masa tsagaggen ƙwallon tanis saboda giris.

Ta dubi bayan motar ɗanta. Sumul. Babu ƙugiya, babu ko ramin da za a ɗaura ta.

Ta tsaya da makulli a hannu. Ko an ɗaura ma, wannan 'yar motar da ɗazu ta yi ta nishi a kan gangare da mutum uku, ita ce za ta ja ɗaki? Ta karanta wannan a cikin makon nan. Ta koyar da shi shekara da shekaru, nauyi da ƙarfin ja. Ta zo da shi a kanta, ta zauna a cikin motar tun daga Worcester, ba ta haɗa biyu da biyu ba, saboda tana can tana shirya wa Miemie magana.

Sauran suka biyo baya da kansu, ba ta kira su ba. Mai zuwa teku ƙasan karaban yake dubawa, don ƙasan ne ke tafiya. Su ciki suka duba. Ƙofa mai kulluwa. Ruwan Yuli. Hita. Rigunan da ba a so su yamutse, wato rigunan makaranta. Teburin da Rozanne ta zauna a kai kamar mai rubutu. Kuma yau Asabar ce a tsakiyar kaka, ranar da ko mutuwa aka yi ba a ba mai kula da ma'aikata hutu.

Ba ta sha ruwan ba. Ta ji zafi ya taso mata daga wuya har kunnuwa, irin wanda rabonta da shi tun tana ƙaramar yarinya. Maganar da ta yi a gefen Ashton ta dawo mata kalma-kalma, da muryarta, da daɗin da ta ji tana faɗa. Ta nemi inda za ta sa idonta ta rasa, sai ta bar shi a kan ƙwallon tanis ɗin.

Suka fito su uku. Tsohon yana tafe yana dogara sanda, ya zo daidai bayan motar, ya dube ta sau ɗaya, ya kau da kai. Malama ta jira ya yi ba'ar da kowane mai karaban zai yi, ya ce da addu'a za ku ja shi? Bai yi ba.

"Elroy, ɗana, akori-kurar nan zaune take tana cin kuɗin inshora a banza. Ni zan kai muku shi. Zan karɓi takardar wucin gadi, mu bi a hankali. Ja ɗaya dai tayoyin za su iya."

"Oom, ba sai…"

"Ina so in gan shi a kan hanya sau ɗaya kafin in mutu, kada ka hana ni." Ya share wuya da hankici. "Kuma in zai daɗe a wuri ɗaya, ka ɗora shi a kan bulo, ka sauke wa tayoyin nauyi. Ka ɗan ɗaga bayansa don ruwa ya riƙa gangarewa. Tagar gaban nan ku rufe ta da leda mai kauri kafin damina. Akwai babban tantin da ake haɗawa a gefensa, da shimfiɗar ƙasa, a nan Hettie ke kwantar da jikoki. Yana cikin gareji yana tara gizo-gizo. Ku ɗauka, ban sa shi a ciniki ba."

Duk wannan bayanin bai dubi Malama ko sau ɗaya ba. Da ya yi mata dariya da ya fi mata sauƙi. Baƙo, wanda bai san su ba sai yau da hantsi, yana lallaɓa sirrin ɗanta kamar mai ɗauke da ƙwai, yana kare shi daga uwarsa.

"Mun gode, Oom," in ji Rozanne.

"To, ina zan kai shi?" in ji tsohon.

Wata kurciya tana kuka a kan rumfar raga. Elroy ya dubi takalminsa.

"Zan kira Oom in faɗa."

"Madalla. Ba gaggawa." Ya juyo ya cire hula. "Malama, kin ci ni da yawa yau, amma na ji daɗin darasin."

Ta miƙa masa hannu. Ta buɗe baki ta ce wani abu mai kaifi, yadda aka san ta, babu abin da ya fito sai, "Na gode."

A hanyar dawowa ba wanda ya kunna rediyo. Da suka zo gefen Ashton Malama ta dubi cinyarta har suka wuce. Bayan Robertson, Elroy ya sauka gefen titi inda akwai teburin siminti a ƙarƙashin bishiyar turare, don guzuri ba a komawa da shi gida. Rozanne ta shimfiɗa ƙyalle ta fito da dafaffen ƙwai, da dunƙulen nama, da burodi mai jam, ta zuba kofi daga filas. Ta fara miƙa wa Malama, da hannu biyu, kamar kullum.

Malama ta riƙe kofin. Rayuwarta duka tana yi wa mutane tambayar da ta riga ta san amsarta, tana jira su yi tuntuɓe. Yau ga tambaya a bakinta, ga amsa a cikinta, ta kasa haɗa su. Wata babbar mota ta wuce da akwatunan inabi, ƙyallen ya ɗaga, Rozanne ta danne shi da filas.

"Na yi tunani," in ji Malama. Ta gyara murya. "Kafin Ista ai sai an samu inda za a ajiye shi. Ƙofar gidanku ba fili. Bayan gidana akwai wuri, nan gefen ɓauren. In aka cire ƙyauren lambu zai shiga." Ta ci gaba, idonta a kan kofi. "Akwai famfo a wajen. Da soket a bangon kicin. Banɗakin baya ma lafiyarsa lau, tarkace ne kawai a ciki."

Iyakar inda ta iya kaiwa ke nan.

Elroy yana ɓare ƙwai. Ya ɓare shi tas, ya tattara ɓawon wuri ɗaya da gefen hannunsa, bai ci ba. Rozanne ta ɗora hannu a bayansa. Ya ɗago ya dubi uwarsa, karo na farko tun safe.

"Mami, aikin ya ƙare tun kafin Kirsimeti. Gidan ma banki ya karɓa, ƙarshen wata za mu ba da makulli. Karaban ɗin ba teku za shi ba. A ciki za mu zauna, mu huɗu, a bayan gidan Anti Griet. Ita muka tambaya."